Beta buloka da jijiyoyin jini: me ya sa hawan jini ke sauka, ƙafa kuma ta yi sanyi?

Tambaya daga wata ɗalibar aikin jinya a Garwa: "Assalamu alaikum likita. An koya mana a aji cewa makarɓan beta-2 da ke jikin jijiyoyin jini su ke sa jijiya ta buɗe. To maganin da ya toshe su ai kamata ya yi ya ƙara hawan jini, amma ga shi masu hawan jini ake ba wa. Mahaifina yana shan propranolol wata biyu ke nan. Tansiyonsa ta sauko daga 17/10 zuwa 15/9, sai dai yana kukan sanyin ƙafa da yatsu, har yana cewa zai ajiye maganin. Me ke faruwa a jijiyoyinsa?"

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Lissafinki bai karkace ba: propranolol, ɗaya daga cikin magungunan da ake kira beta buloka don suna toshe makarɓan saƙo na beta, ba ya buɗe jijiyar jini, a kwanakin farko ma ƙara tsuke ta yake yi. Abin da ya rage ki haɗa da shi shi ne, matsin jini ba jijiya kaɗai ke yin sa ba. Zuciya da ƙoda suna da nasu kaso, kuma ta wajensu maganin ke biyowa ya sauke shi. Sanyin ƙafar Baba kuwa, darasin da kika karanta ne ya bayyana a jikin mutum.

Mu fara da jikin jijiyar. Manyan jijiyoyin da ke fita daga zuciya suna ta rarrabuwa har su zama ƙanana sosai, kuma a waɗannan ƙananan ake yanke yawan jinin da kowace gaɓa za ta samu. Kowace ɗaya tana da siririyar tsoka da ta kewaye ta kamar mazagi a ƙugun wando: a ja ta tsuke, a saki ta buɗe. Mutum ba shi da iko da wannan tsoka. Umarninta daga wuri biyu yake zuwa. Akwai jijiyoyin saƙo na ɓangaren da ke shirya jiki don gudu ko faɗa, waɗanda ke ƙarewa a jikin jijiyar jini suna ɗiga mata noradirenalin dare da rana, ko barci mutum yake yi. Akwai kuma adirenalin, wanda wani ɗan nama da ke zaune a kan kowace ƙoda ke zubowa cikin jini lokacin firgita, fushi, raɗaɗi mai tsanani ko faɗuwar suga.

Masana sun daɗe suna mamakin yadda adirenalin ɗaya zai tsuke wata jijiya ya buɗe wata. Raymond Ahlquist, wani masanin magunguna a jihar Jojiya ta Amurka, shi ya warware wannan a 1948. Ya gwada sinadarai 6 'yan uwan adirenalin a gaɓoɓin dabbobi, ya ga amsar gaɓoɓin ta kasu gida biyu, sai ya ce ashe makarɓan saƙon ne iri biyu, ya raɗa musu alfa da beta. Shekaru suka shuɗe ba a kula da maganarsa ba, har James Black, mutumin Sikotilan da ke aiki a kamfanin ICI a Ingila, ya ɗauke ta ya gina magani a kai. Propranolol ya fito a 1964, Black kuma ya samu kyautar Nobel a 1988. Ki lura da niyyarsa: ba hawan jini ya nufa ba. Ciwon ƙirjin da ke zuwa idan zuciya ta rasa isasshen jini yake son magancewa, kuma maimakon ya nemi buɗe jijiyoyin zuciyar sai ya nemi rage mata aiki. Wani likita a Landan, Brian Prichard, shi ya nuna cewa maganin yana sauke hawan jini ma. A 1967 ne Lands da abokan aikinsa suka raba beta gida biyu: beta-1 da ta fi yawa a zuciya da ƙoda, da beta-2 da ke jijiyoyin jini, hanyoyin iska na huhu, mahaifa da hanta.

A cikin ƙwayar tsokar jijiya, idan aka taɓa alfa-1 kalsiyam yake ɓarkewa daga ma'ajiyarsa, tsokar ta ɗaure. Idan beta-2 aka taɓa, sinadarin cAMP ne ke ƙaruwa, shi kuma ya rage kalsiyam ya kuma kashe kaifin sinadarin da ke sa zaren tsoka kama juna, tsokar ta saki. A zuciya cAMP ɗin nan akasin haka yake yi: buɗe wa kalsiyam ƙofa yake, bugu ya ƙara ƙarfi da sauri. Ɗalibai da yawa a nan suke faɗuwa jarrabawa, don sun haddace cewa "beta na saki" sun manta cewa a zuciya beta zaburarwa take.

Rabon makarɓan kuma ba ɗaya ba ne a jiki. Fata, hanji da ƙoda alfa ce ta yi musu yawa. Jijiyoyin cikin naman cinya da damtse, da na hanta, suna da beta-2 mai yawa. Dubi manomin da ya yi arba da maciji a gona: leɓensa da tafin hannunsa su koɗe, fatarsa ta yi sanyi, amma cinyoyinsa sun cika da jini don ya sheƙa. Adirenalin ɗaya ne ya yi duka, ya rufe ta alfa ya buɗe ta beta-2.

Ga kuma gaɓar da ta amsa rabin tambayarki. Noradirenalin, wanda shi ne ke aiki kullum, yana kama alfa da beta-1 da ƙarfi, amma da ƙyar yake taɓa beta-2. Adirenalin ne mai beta-2, shi kuwa kaɗan ne a jinin mutumin da ke zaune lafiya a ƙofar gidansa. Ke nan a hutu beta-2 ba wani babban aiki take yi ba, toshe ta bai ƙwace wa jijiya abu mai yawa ba. Shi ya sa tansiyon Baba ba ta yi tsalle sama ba ranar da ya haɗiyi ƙwayar farko. Amma duk ranar da adirenalin ya cika jini, toshewar nan sai ta zama babbar magana. Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Matsin jini kuwa sakamakon abu biyu ne: yawan jinin da zuciya ke turawa a minti, wajen lita 5 ga babba a hutu, da irin turjiyar da ƙananan jijiyoyi ke yi masa. Propranolol ya toshe beta-1 a zuciya, bugu ya ragu, ƙarfinsa ya ragu, jinin da ke fita a minti ya ja baya. Nan take wasu jijiyoyin saƙo da ke auna matsin jini a wuya da bakin babbar jijiyar zuciya su kai rahoto ƙwaƙwalwa, ita kuma ta ƙara noradirenalin. Ba zai iya zaburar da zuciya ba tunda an toshe, amma alfa a buɗe take, sai jijiyoyi su tsuke. Saboda haka a sa'o'in farko matsin jinin ba ya wani motsi: abin da aka rage a zuciya an mayar a jijiya. Sai an yi kwanaki ko makonni turjiyar ke komawa inda take a da, zuciya kuma ta ci gaba da tafiya a hankali, sannan awo ya sauka.

Ƙoda na da hannu a wannan sassautawa. Ƙwayoyin da ke fitar da sinadarin renin a ƙoda beta-1 ke zaburar da su. Renin ke haifar da anjiyotensin II, ɗaya daga cikin mafiya ƙarfin abubuwan da ke tsuke jijiya, shi kuma ya kira aldosteron mai sa jiki riƙe gishiri da ruwa. An toshe beta-1, renin ya faɗi, anjiyotensin ya ragu, jijiya ta samu sauƙi ta bayan gida. Duk sassaucin da tsofaffin beta buloka ke kawo wa jijiya ta irin wannan zagaye yake zuwa, ba kai tsaye ba.

Yanzu ƙafar Baba. Jijiyoyin fatar yatsu kusan alfa zalla ke mulkinsu, kuma sanyi da kansa yana ƙara wa wani reshen alfa-2 da ke wurin kaifi. Ki haɗa raguwar jinin da zuciya ke turawa, da ƙarin noradirenalin, da rashin beta-2 a tsokar ƙafa, sai jinin da ke kaiwa ƙarshen gaɓɓai ya yi ƙaranci. Cewa ba beta-2 kaɗai ba ce, hujjarsa ita ce atenolol, wanda ya fi karkata ga beta-1, shi ma yana kawo sanyin hannu, ko da bai kai propranolol ba. A zafin Garwa na Maris da Afrilu mutane ba sa ma lura. Da hunturu, ko ga wanda ke zaune a tudun Ngaundare, ko mai tuƙa babur da asuba, ko dattijon da ke alwala da ruwan randa, nan kuka ke yawa. Taba, ta sha ce ko ta leɓe, tana ƙara ta'azzara shi, don nikotin shi ma noradirenalin yake tunzurawa.

Sanyi kawai, ba ciwo, ba canjin launi, damuwa ce amma ba haɗari ba. Abin da nake so ki duba da hannunki shi ne ko akwai wani abu a ƙarƙashinsa. Ki taɓa bugun jini a bayan ƙafarsa da bayan idon sawu ta ciki, ƙafa biyu, ki kwatanta. Ki tambaye shi ko sharaɓarsa na ɗaurewa idan ya yi tafiya zuwa masallaci, ta saki in ya tsaya. Ki duba tsakanin yatsu ko akwai gyambon da ya ƙi warkewa, musamman in yana da ciwon suga. Ki tambaya ko yatsun na yin fari fat, su koma shuɗi-shuɗi, sannan su yi ja da zugi. Wannan ita ce lalurar da Maurice Raynaud ya bayyana a Faransa a 1862, kuma mai ita propranolol ba nasa ba ne. Ƙafa ɗaya da ta yi sanyi farat ɗaya, da ciwo, ba bugu, wannan asibiti ne a daren, ba jiran gari ya waye.

A da ana koyar da cewa duk mai toshewar jijiyar ƙafa haramun ne a ba shi beta buloka. Wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje 11 a 1991 ya nuna cewa ga masu lalurar mai sauƙi zuwa matsakaiciya, nisan tafiyarsu bai ragu ba. Da yawansu kuma suna da ciwon jijiyar zuciya, wanda shi ne mai kashe su. Don haka yau ba ma hana su in akwai dalili, sai dai mu zaɓi mai karkata ga beta-1 ko mai buɗe jijiya, mu kuma yi kaffa-kaffa da wanda ƙafarsa ke ciwo ko yana kwance.

Wannan ya kawo mu ga cewa beta buloka ba abu ɗaya ba ne, kuma a jijiya bambancin ya fi fitowa. Propranolol, nadolol da timolol ba sa zaɓe, beta-1 da beta-2 duk toshewa suke. Atenolol, metoprolol da bisoprolol sun fi son beta-1, bisoprolol ya fi su tsantseni, amma zaɓen na gwargwado ne: a ƙara yawan magani sai ya tsallaka kan beta-2. Acebutolol, da ake yawan gani a takardun magani na ƙasashen da ke bin tsarin Faransa, yana toshewa yana kuma ɗan zaburarwa, don haka bai cika rage bugu da yawa ba. Sai masu buɗe jijiya da gaske. Carvedilol da labetalol suna toshe alfa-1 tare da beta, ke nan sun cire abin da ke tsukewa ma. Nebivolol kuma yana sa shimfiɗar cikin jijiya ta fitar da naitirik oksaid, wanda ke sakin tsoka. Waɗannan sanyin yatsu bai cika zuwa da su ba, amma suna da nasu: jiri idan an miƙe tsaye, don alfa-1 ce ke tsuke jijiyoyin ƙafa ta hana jini zubewa ƙasa lokacin tashi. Shi ya sa ake shan carvedilol da abinci, a kuma gargaɗi tsoho ya zauna tukuna kafin ya miƙe, balle da rana tsaka a watan zafi ko yana azumi.

Labetalol ne abokin masu ciki, don yana sauke matsi ba tare da tauye jinin mahaifa sosai ba. Ana yin allurarsa ga mai hawan jini mai tsanani da ake tsoron jijjiga. Atenolol kuwa ana gudunsa a ciki saboda an danganta shi da ƙanƙantar jariri. Bisoprolol, carvedilol da metoprolol mai narkewa a hankali su ne na raunin zuciya: manyan gwaje-gwajen 1999 zuwa 2001 sun nuna suna rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Kin san raunin zuciyar bayan haihuwa ba baƙo ba ne a tsakanin matan Hausawa, za ki gan su a ɗakin kwanciya. Ana fara musu da ɗan mitsitsi, bisoprolol miligiram 1.25 ko carvedilol 3.125, kuma sai bayan kumburi ya saɓe numfashi ya daidaita, ba lokacin da huhu ke cike da ruwa ba.

Ra'ayina a kan Baba, ba tare da na duba shi ba: ki fara tambayar wanda ya rubuta maganin dalilinsa. Idan akwai rawar hannu, ko maƙoƙo mai zafi da ke sa zuciya gudu, ko ciwon ɓarin kai, ko ciwon hanta, propranolol na da hujja. Idan hawan jini ne kawai, ban ga abin da ya sa za a fara da shi ba. Har yanzu yana 15/9 (wato 150/90 a awon milimita), bai shiga ƙasa da 14/9 da ake nema ba, ga kuma sanyin ƙafa. Mutanenmu galibi hawan jininsu mai ƙarancin renin ne, mai bin gishiri, ga dunƙulen miya ga kanwa a tukunya, don haka maganin da rabin ƙarfinsa rage renin ne bai cika yi musu aiki shi kaɗai ba. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2021 ta sa magunguna iri uku a sahun farko: masu sa fitsari irin hydrochlorothiazide, masu toshe hanyar kalsiyam irin amlodipine, da masu kashe aikin anjiyotensin. Beta buloka ba ya ciki. Gwajin CREOLE, da aka buga a 2019, an yi shi a ƙasashen Afirka 6 har da Kamaru, da mutum 728, ya nuna haɗin da ke da amlodipine ya fi sauke matsi. Kafin nan gwajin ASCOT na 2005, mai mutum sama da 19,000, ya ga shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kashi 23 cikin 100 ga masu shan tsarin amlodipine idan aka kwatanta da na atenolol. Wani reshe na gwajin ya gano ɗaya daga cikin dalilan, kuma dalilin na jijiya ne: awon damtse kusan ɗaya, amma matsin da ke cikin babbar jijiyar zuciya ya fi yawa da wajen milimita 4 ga masu atenolol, saboda bugu ya yi jinkiri, ƙananan jijiyoyi kuma ba su saki ba.

Sai dai kada ya ajiye shi da kansa. Jiki idan ya ga an toshe makarɓansa sai ya ƙera ƙari ya jera a fuskar ƙwayoyin zuciya. A janye maganin rana ɗaya, adirenalin ya tarar da makarɓa fiye da na da, duk a buɗe: zuciya ta ɗau gudu, matsi ya tashi, mai ɓoyayyen ciwon jijiyar zuciya yana iya samun bugun zuciya. Ana rage shi ne mataki-mataki cikin mako ɗaya zuwa biyu, ana shigo da madadinsa. Wannan ya shafi har wanda magani ya ƙare masa a ƙauye ko kuɗin famasi ya yanke; ki koya wa majinyata su nemi sabo tun saura na kwana biyar. Kafin ku ga likita, safa da ruwan ɗumi na alwala za su rage masa. In bugunsa ya yi ƙasa da 50 a minti tare da jiri ko suma, a kai shi a ranar.

Tunda aikin jinya kika nufa, mu koma kan abin da na ce ki riƙe, wato ranar da adirenalin ya yi yawa alhali beta-2 a toshe. A jikin da ba magani, adirenalin yana tsuke fata yana buɗe tsoka, sai ɗaya ya rage wa ɗaya kaifi. A jikin mai propranolol tsukewa ce zalla: matsi ya yi sama, zuciya kuma ta ƙara lafawa. Ana ganin haka a kujerar likitan haƙori idan aka yi allurar kashe zafi mai adirenalin da yawa, shi ya sa dole a gaya masa maganin da ake sha. Ana gani da maganin mura mai pseudoephedrine ko phenylephrine, irin da ake saye a kasuwa ba takarda. Mafi muni shi ne ƙarin da ke fitowa a naman saman ƙoda yana zubo adirenalin babu lissafi: mai shi yana fama da ciwon kai, zufa da faɗuwar gaba lokaci-lokaci, awonsa na hawa da sauka. Duk wanda ya ba shi propranolol don ya ga zuciya na gudu zai iya jefa shi cikin hawan jini mai kisa. Ƙa'idar ita ce a toshe alfa tukuna, da doxazosin ko ɗan uwansa, beta ta biyo baya. Harbin muguwar kunama, wanda mutanen Faya da arewacin Chadi suka sani, shi ma guguwar adirenalin da noradirenalin yake tayarwa, kuma da prazosin mai toshe alfa likitocin Indiya suka rage mutuwar yara a irin tasu kunamar.

Wanda ya fi kusa da mu a kwarin Binuwai shi ne saran kububuwa. Maganin dafi kan tayar wa wasu da mummunar borin jini, numfashi ya toshe matsi ya faɗi, kuma adirenalin ne maganinsa, miligiram 0.5 a naman cinya ga babba. Mai shan beta buloka yana iya ƙin amsawa yadda ya kamata, don beta-2 da za ta buɗe huhu da beta-1 da za ta ta da zuciya duk a toshe suke. Ba a fasa adirenalin saboda haka, shi ne na farko kuma ana maimaitawa, a ƙara ruwa a jijiya. In ya ƙi, allurar gulukagon, sinadarin da ke ɗaga suga a jini, ake nema, don yana ƙara cAMP a zuciya ta nasa makarɓi ba tare da ya bi ta beta ba. Tambaya ɗaya kafin a rataya maganin dafi, "Malam, kana shan maganin zuciya ko na tansiyo?", tana iya sauya shirin ɗakin baki ɗaya.

Wurin da na fi so ki gani shi ne inda wannan tsukewa ta zama ita ce waraka. Jinin hanji da saifa yana taruwa a wata babbar jijiya ya ratsa hanta. Idan hanta ta taurare, ko saboda ƙwayar ciwon hanta nau'in B da ta yi yawa a arewacin Kamaru da Chadi, ko saboda tsutsar tsargiya ta hanji da masunta da manoman shinkafa ke ɗauka a ruwa irin na Lagdo, jinin sai ya rasa hanya. Saifa ta kumbura, jijiyoyin ƙasan hanyar abinci su buhu, wata rana mutum ya yi aman jini kwano guda. Didier Lebrec a Faransa ya nuna a 1980 da 1981 cewa propranolol na sauke matsin wannan jijiya yana rage sake zubar jini. Aikin hawa biyu ne: beta-1 ta rage jinin da zuciya ke turawa, toshewar beta-2 kuma ta bar alfa ta tsuke jijiyoyin hanji, jinin da ke gangarowa hanta ya ragu. Shi ya sa atenolol da bisoprolol ba sa maye gurbinsa a nan. Tsantsenin da ya sa suka fi shi a ƙafa shi ya sa suka gaza a hanta. An gwada shi a Zimbabuwe da Sudan ga masu taurin hantar da ba na barasa ba, har da na tsargiya, ya yi amfani. Ana ƙara shi har bugu ya kai 55 zuwa 60 a minti. Yanzu masana hanta sun fi son carvedilol, miligiram 12.5 a rana, saboda toshe alfa-1 na sassauta turjiyar cikin hantar ma, amma ga wanda cikinsa ya cika da ruwa kuma awon sama ya yi ƙasa da 9, ana ragewa ko a dakata.

Akwai kuma jan ƙarin jijiyoyi da ke fitowa a fuskar jarirai ya yi ta girma a watannin farko. A 2008 likitoci a Bordo suka lura ya ƙanƙance a jikin jaririn da aka ba propranolol don zuciyarsa. Launin yana sauyawa cikin kwana ɗaya ko biyu saboda tsukewar jijiya, daga baya kuma maganin ya hana sababbi tsirowa. Yau shi ne maganin farko, a ƙarƙashin kulawar likitan yara, kuma ana ba da shi da shayarwa don kada suga ya faɗi.

Maganar suga ta shafi manya ma. Beta-2 ce ke sa hanta ta saki suga lokacin da ya yi ƙasa, rawar jiki da faɗuwar gaba da ke gargaɗin mutum kuma duk ta beta suke zuwa. Mai insulin ko glibenclamide da ke shan propranolol yana iya faɗuwa ba gargaɗi, ya kuma daɗe bai farfaɗo ba. Zufa ce kaɗai ke saura, don jijiyoyinta ba ta beta suke aiki ba, saboda haka zufa ba dalili ga irin wannan mutum, musamman da la'asar a watan azumi, a ɗauke ta faɗuwar suga ce har sai awo ya ƙaryata. Mai asma kuwa propranolol haramun ne gare shi, kuma kada a haɗa kowane beta buloka da magungunan zuciya verapamil ko diltiazem sai da sanin likitan zuciya, don su biyun na iya tsayar da bugu.

In za ki rubuta magungunan majinyaci, kada ki tsaya a ƙwayoyi. Tsofaffi da yawa suna ɗiga timolol a ido don hawan ruwan ido, kuma ba sa lissafa shi cikin magani. Ɗigon yana bin hanyar hawaye zuwa hanci, ya shiga jini kai tsaye ba tare da hanta ta tace shi ba, ya isa ya rage bugu, ya sanyaya yatsu, ya tayar da asma. Ki nuna musu su rufe ido su danne kusurwarsa ta wajen hanci da yatsa minti biyu bayan ɗigawa, kuma in likita zai ƙara musu beta buloka na sha, ki tabbatar ya san da na idon.